Kifayen Kwarin Dutse

Makon jiya aka zo yasar rijiyar gidan da nake haya a Rigasa. Masu aikin suna fito da baƙar laka a bokiti suna jibgewa a gindin katanga, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Da warin lakar nan ya buge ni sai na jawo kujera na zauna. Wari ne na ruɓaɓɓen ganye da tsohon ruwa, ba mai daɗin shaƙa ba, amma shi ne warin hannun kakana. Ko ya wanke da sabulu, ko ya shafa turare ran Juma'a, in ya dafa kaina sai na ji shi. Bari in ba ka labarinsa, mai karatu, tunda waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa.

A Unguwar Dosa na tashi, lokacin unguwar ba ta cika ta batse haka ba. Gidanmu yana cikin gidajen ƙarshe. In ka fita ta ƙofar baya, gonakin masara ne da rogo, sai duwatsu, sai dogon gangare har fadamar bakin kogin Kaduna. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, da safe ya hau babur ya tafi sakatariya, ba ma ganinsa sai la'asar. Kakana, wato mahaifinsa, shi ma gwamnati ya yi wa aiki, a sashen kiwon kifi na ma'aikatar gona, har ya yi ritaya. Sa'o'insa sukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya su yini suna hirar siyasa. Shi kuwa da ya karya kumallo sai ya sa takalmin roba, ya rataya jakar buhu mai kwalabe a ciki, ya leƙo ɗakin mahaifiyata ya ce, "Amarya, taso mu tafi." Ni ce amaryar, irin wasan nan na kaka da jika. Ina da shekara tara na fara binsa, duk ranar da babu makaranta.

Inda muke zuwa wani kwari ne a tsakiyar duwatsun nan, can sama, nesa da kogi. Da damina ruwa yakan taru a ciki ya zama ɗan tafki, faɗinsa bai wuce tsakar gida biyu ba, zurfinsa iyaka gwiwar babban mutum. Ko shekarar da kogi ya yi ambaliya har ya ci gonakin fadama, ruwansa ba ya hawowa nan. A cikin tafkin akwai wasu 'yan kifaye, babbansu bai kai ƙaramin yatsana tsawo ba. Ba a cin su, ko yara ba su damu da kama su ba. Amma in kakana ya kamfato ɗaya a kwalba ya ɗaga ta saitin rana, sai ka riƙe baki. Namijin jikinsa shuɗi ne mai ɗigo-ɗigo, wutsiyarsa ja wur kamar barkono. Macen ba ta da ado, ruwan ƙasa ce kawai.

Da rani tafkin yakan ƙafe ƙaf, kifayen su mutu gaba ɗaya, tsuntsaye su tsince su, laka ta bushe ta tsattsage. Amma da ruwan farko ya sauka ya kwana biyu, sai ka ga 'ya'yan kifi suna yawo. Mutanen unguwa sun ce tare da ruwan sama suke faɗowa, ni ma haka na yarda. Wata rana cikin tsananin zafin bazara kakana ya ɓantaro busasshiyar laka, ya marmasa ta a tafin hannu, ya ba ni wani gilashi mai ƙara girman abu. Na duba na ga wasu ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar gero ba, kowace da ɗigon baƙi biyu a ciki. Ya ce idanu ne. Iyayen sun binne ƙwansu a laka kafin su mutu, 'ya'yan suna kwance suna jiran ruwa. Na daɗe ban ƙara taka busasshen tafki da gudu ba.

A kududdufan fadama ma akwai irin kifayen nan, girmansu ɗaya, ƙirarsu ɗaya, su ma suna barin ƙwai a laka. Sai dai mazan fadama wutsiyarsu ruwan ɗorawa ce, kuma jikinsu bai kai na dutse shuɗi ba. Wannan ɗan bambanci shi ya hana kakana sukuni shekara da shekaru. Ya jera manyan kwalabe a barandar ɗakinsa. Sai ya sa macen dutse da namijin fadama a kwalba ɗaya, ya zauna da littafi da fensir. Namijin ya buɗe fiffike yana kewaya ta yana karkarwa, ita kuwa ta juya masa baya ta lafe a ƙasa. Haka macen fadama take yi wa namijin dutse. Amma da ya mayar da kowa wurin nasa, kafin azahar sun nutsa cikin laka tare.

Na tambaye shi dalili. Ya ce a zatonsa, a wani zamani mai nisa da ko kakannin kakanninmu ba su gani ba, ruwan kogi yana kaiwa har cikin duwatsun nan, kifayen duk dangi ɗaya ne. Sai kogi ya yi ta cin ƙasa yana nutsawa, ya bar na dutse a sama su kaɗai. Ba mai zuwa musu, ba mai fita daga cikinsu. Kowace damina sabon haihuwa, kowane haihuwa da ɗan abin da ya sauya, har aka wayi gari ba su gane juna.

"Kin ji maganar kakarki," in ji shi. Kakata Basakkwaciya ce, har ta rasu "mi" take cewa ba "me" ba. "Da na auro ta sai da na yi wata uku ina cewa na'am ban san abin da ta ce ba. To ita da mu ana zuwa ana dawowa, ana kasuwa, ana aure. Da an gina katanga tsakanin Sakkwato da nan shekara dubu, da sai da tafinta."

Kakata tana jin sa daga madafa, ta ce in ya gama da kifi ya zo ya ga ko tuwo ma yana bukatar tafinta.

Akwai malamin allo a layinmu, amininsa ne, shi ya koya mini karatu tun daga baƙi. Maganar nan ba ta kwanta masa ba. Wata rana bayan la'asar ya zo ya tsaya a kan kwalaben, ya ce, "Alhaji, ina ji maka tsoro. Halitta ta Allah ce, yadda ya yi kowane iri haka yake."

Kakana ya ce, "Allah gafarta Malam, ban yi musu ba. Shi ya nutsar da kogin, shi ya ɗaga dutsen, shi ya rina wutsiyar. Ni dai kallo nake yi."

Malam ya durƙusa ya daɗe yana duban jan kifin nan. Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake kawo maganar ba.

Abin da kakana yake so shi ne wani masani ya zo ya duba ya tabbatar, a rubuta a ajiye. Ya cika littattafai da zane da lissafin kwanakin ruwa. Ya yi ta aika wasiƙu jami'o'i, mahaifina yana kai masa gidan waya. Yawanci shiru. Sau ɗaya wani matashin malamin jami'a ya zo, ya yi mamaki sosai, ya ce sai an aika waje an auna, ya ɗauki kwalba biyu ya sa a bayan mota. Kakana ya yi damina biyu yana cewa in leƙa ko motar nan ce ta tsaya. Ba mu sake ganinsa ba.

Ina da shekara goma sha biyu gari ya iso mu. Aka fara ganin masu awo da igiya a gonakin baya, aka kafa turaku, aka yanka fegi-fegi. Wani attajiri ya sayi wajen duwatsun gaba ɗaya, za a fasa na fasawa, a cike kwarin da jar ƙasa. Kakana ya sa babbar riga zai je roƙonsa, sai ga malam a ƙofar gida shi ma da tasa rigar, ya ce tare za su. Daga baya na ji cewa malam ne ma ya fi magana, ya ce wa mutumin in Allah ya keɓe wata halitta a wuri ɗaya tak a duniya, bai kamata a ce da hannunka aka shafe ta ba. Attajirin ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo musu lemo, ya ce in kifi Alhaji yake so zai sa a gina masa kwami a gida a zuba masa tarwada. Ya ba su kwana uku kafin a fara aiki.

Tsakiyar damina ce, kifayen sun girma amma ba su gama zuba ƙwai ba. Kwana ukun nan muka yi muna kamfata da rariya, ni a cikin ruwa, shi a bakin dutse da bokiti, don gwiwoyinsa ba sa ba shi haɗin kai. Muka samu kusan arba'in. Ya yanka tsohon duro gida biyu, ya shimfiɗa lakar tafkin a ƙasan rabi ɗaya, ya cika da ruwan sama, ya ajiye a inuwar gwaiba. Ya ce in sun zuba ƙwansu a lakar nan, sai mu bar ta ta bushe, baɗi mu jiƙa, haka haka har Allah ya kawo wanda zai nema musu wani wuri. A rana ta huɗu muna jin rurin katafila daga tsakar gida. Bai fita ya gani ba.

Bayan mako biyu ya faɗi a wurin alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ana ɗaukarsa zuwa mota ya kama hannuna da hagunsa, bakinsa a karkace, ya ce, "Amarya, kifi." Na ce na ji.

Na riƙe amanar iyakar sanina. Kullum da safe nakan tsamo tsutsar sauro a tsofaffin tayoyi in zuba musu. Amma ruwan duron ya fara yin kore, gansakuka ta hau gefe, wari yana tashi. Aka ce ran Asabar za a sallamo shi. Sai na ce a raina bai kamata ya dawo daga jinya ya tarar da ƙazanta ba. Ran Laraba da safe aka kawo ruwan famfo bayan kwana da kwanaki babu. Na kwashe kifayen a roba, na juye duron, na kwashe lakar nan tas na watsa a kwata, na sa soso da sabulu na dirje shi har yana ƙyalli. Na cika shi da ruwan famfo garai-garai, na mayar da su. Suka yi ta zagaye da sauri, jajayen wutsiyoyi suna walƙiya a farin ruwa. Na ɗauka murna suke yi. Na sa hijabi na tafi Islamiyya ina jin daɗin kaina.

Da na dawo duk suna sama, cikinsu a waje. Launin ma ya gudu, sun koma fari-fari kamar ɓawon albasa. Ban san maganin da ake sa wa ruwan famfo don lafiyar mutane yana kashe ƙananan kifi ba. Na ruga kwata da hannu ina tonon lakar, amma ruwan wanke-wanken gida ya riga ya tafi da ita. Mahaifiyata ta same ni a durƙushe a wurin, ta ɗaga ni, ta wanke mini hannu, ta ce kifi ne fa, ba mutum ba.

Washegari aka kai ni asibiti gaishe shi. Ya dube ni ya ɗaga gira, don magana tana masa wuya. Na ce, "Suna nan lafiya, Kaka." Ya lumshe ido ya yi murmushi da rabin baki. Wannan ƙaryar ta fi kisan kifin ci mini rai, har yau.

Ran Asabar da aka shigo da shi, kafin ɗaki ya ce a kai shi gindin gwaiba. Mahaifina yana riƙe da shi ta gefe. Ya leƙa duron, ruwa fari tas, ana ganin ƙarfen ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Ni ina bayan ƙofa ina jiran ya kira ni ya zage ni, da ya yi haka da na samu sauƙi. Sai ya juyo ya neme ni da ido, ya ce a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Kin wanke shi da kyau." Daga nan ya ce a kai shi ya kwanta.

Na yi kwana uku ba na shiga ɗakinsa. A na huɗu ya aiko kakata ta kira ni. Ya nuna mini ƙarƙashin gado. Na jawo wani gwangwanin madara, na buɗe, busasshiyar laka ce cike, wadda ya ɗebo tun bazarar bara don nazari ya manta da ita. Ya ce ƙwan ya tsufa, amma wa ya sani. Ba za a jiƙa yanzu ba, sai ruwan farko, don lokacinsu ke nan.

Ban taɓa ganin rani mai tsawon wannan ba. Ta ƙofar baya ina kallon gini yana tashi a inda duwatsu suke, masu fasa dutse suna ta ƙwanƙwasa daga safe har yamma. Kakana ya koyi tafiya da sanda, ya koyi riƙe fensir da hagu. Ni kuwa kowace safiya sai na leƙa gwangwanin, kamar wani zai sace shi. Da hadari ya fara haɗuwa muka jera kwanoni a tsakar gida. Ruwan ya sauko da rana tsaka, da ƙamshin ƙasa da iska mai kaɗa ƙofofi. Muka tara, muka zuba lakar a babbar kwalba, muka cika ta, muka zauna.

Kwana biyu ba komai. A na uku na hango wani abu kamar zaren gashi yana motsi. Uku suka ƙyanƙyashe. Na yi ihu har malam ya aiko a tambaya ko lafiya. Kakana ya yi dariya, ta farko tun faɗuwarsa. Muka yi ta riritarsu kamar jarirai, ba na barin kowa ya matso kusa da kwalbar, ruwan sama kawai, tsutsa mafi ƙanƙanta. Kakana ya ce mace ɗaya ta ishe mu.

Bayan mako uku na farko ya fara yin ja a wutsiya. Muka ce madalla, ga ango. Bayan kwana biyu na biyu ma ya yi. Na ukun ya fi su ƙanƙanta, ya daɗe yana ruwan ƙasa, na yi ta yi masa addu'a a sujada, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata safiya na ɗaga kwalbar saitin rana, na ga ɗan ja a bakin wutsiyarsa. Na ajiye kwalbar a gaban kakana. Ya sa tabarau ya duba, ya cire.

Duk da haka ya ce in sauka fadama in kamo mata, ko rabin iri a samu. Na kamo shida. Mazan nan uku suka buɗe fiffike, suka yi ta kewayawa suna karkarwa, jansu ya ƙara fitowa kamar garwashi. Matan suka lafe a ƙasa suka juya baya. Muka canza wasu, muka sake canzawa, har damina ta ja baya. Mun tace lakar kwalbar a ƙarshe, ko ƙwai ɗaya babu. Kakana ya sa na buɗe masa littafi, ya rubuta layi biyu da hannun hagu, rubutun yana hawa yana sauka. Ya ce, "To, Amarya, yanzu na tabbata. Ba iri ɗaya ba ne." Na ƙarshen mazan nan ya mutu ana cikin girbin gero. Kakana ya bi bayansu da shekara ɗaya da 'yan watanni, malam ne ya yi masa salla.

Littattafan suna cikin akwatin katako a ɗakinsa har lokacin da aka sayar da gidan aka raba gado. Ina gidan miji a lokacin. Da na zo nema aka ce gara ta cinye rabi, sauran an ƙone da tarkace. Wurin kwarin dutse yanzu layi ne na gidaje masu dogayen katangu, na bi ta nan sau da yawa ban iya nuna daidai inda tafkin yake ba. Fadamar ma an cike ta an yi gini har bakin ruwa, tun daga bayanmu har wajen Rafin Guza, shi ya sa kowace damina kogi yake shiga ɗakunan mutane. Masu wutsiya ruwan ɗorawa su ma na daina ganinsu. Yaran da suke tashi a unguwar ba su san an taɓa yin dutse a wurin ba.

Yau ni malamar kimiyyar halittu ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Duk shekara nakan zo kan darasin yadda rabuwar wuri take haifar da sabon jinsi, in zana musu tsibirai masu nisa da tsuntsayen da ba su taɓa gani ba, su kwafa, su haddace don jarrabawa. Sau ɗaya tak, bara, na ajiye alli na ba su labarin kwarin dutse. Da na gama wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu, biro a ɗaya hannun tana shirin rubutawa.

"Malama, mene ne sunan kifin?"

Na ce ba shi da suna, ba a kai ga sa masa ba. Ta ɗan jira ko zan ƙara wani abu, sannan ta rufe biron ta ajiye.